Rufin Asiri da Kukan Yara

A shekara ta 1946 ne limaman ƙungiyar Oblat suka iso arewacin Kamaru, Fada Yves Plumey yana jagorantarsu. A 1955 ya zama Bishop na Garwa. Sun gina makarantu da ɗakunan shan magani, har iyaye suka saba miƙa wa Fada yaro ba tare da tambaya ba. Wannan amana ita ce ƙarfin Ikilisiya, ita ce kuma ta sa bakin uba yakan yi nauyi in yaronsa ya dawo gida da mugun labari a kan limami.

A wancan zamani, dokar da Roma ta aika wa bishop-bishop a 1922, aka sabunta ta a 1962, ta ce a yi irin wannan shari'a cikin sirri. A aikace, abin da aka fi yi shi ne a ɗauke limamin a kai shi wata majami'a, a ce da iyaye su yi haƙuri don sunan Ikilisiya. Wani lokaci majami'ar da ake kai shi tana Afirka.

Ga misali daga maƙwabta. A 2012 wata kotu a Beljiyam ta sami Fada Luk Delft, ɗan ƙungiyar Salesiya, da laifin lalata da yara, ta hana shi aiki da yara shekara 10. Shekara guda bayan haka shugabanninsa suka tura shi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ya yi aiki a Kaga-Bandoro cikin iyalai 'yan gudun hijira, daga baya ya shugabanci Caritas ta ƙasar duka. Sai da gidan talabijin na CNN ya bi sawunsa a 2019, sabbin zarge-zarge suka fito, sa'an nan aka mayar da shi gida. Waɗanda suka aiko shi sun san hukuncin kotun. Iyayen Kaga-Bandoro ne ba a faɗa wa ba.

A Kamaru ma, wani shirin talabijin na Faransa a 2017 ya nuna wasiƙar Akbishop na Bertoua, a gabashin ƙasar, game da waɗansu 'yan ƙungiyar Yohanna Mai Tsarki da aka fitar daga dayosis kafin maganarsu ta kai kotu.

Roma ta yi gyara, amma a hankali, galibi bayan 'yan jarida sun tona. A 2001 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya umarta a riƙa aika kowace irin wannan ƙara zuwa Vatikan. A 2002 abin kunyar Boston, a Amurka, ya sa Kadinal Bernard Law ya sauka. A watan Mayu 2019 Paparoma Faransis ya wajabta wa kowane limami da sista su kai rahoto, ya ce kowace dayosis ta buɗe ƙofar karɓar ƙara, a kuma binciki bishop da ya rufe magana. A Disamba na shekarar ya cire sirrin Paparoma daga waɗannan shari'o'i.

Dokar ta shafi Garwa, Marwa, Yagoua da Ngaundare kamar yadda ta shafi Roma. Sai dai rahoton da ta wajabta na zuwa ga hukumar Ikilisiya ne. Zancen kai ƙara ga 'yan sanda kuwa, ta bar shi ga dokar kowace ƙasa.