Akwatin Malam Fröhlich: Yadda Yara Suka Fara Haɗa Madubin Hangen Nesa Da Hannunsu

Duk wanda ya yi lakwal zai tuna darasin haske: mushe ya zana gilashi bisa allo, ya ja layuka, mu kwafe, mu hardace. To amma mu nawa ne muka taɓa riƙe gilashin nan a hannu?

Shekaru ɗari da suka wuce, wannan damuwa ce ta dami wani malamin makaranta mai suna Wilhelm Fröhlich a garin Kreuzlingen na ƙasar Suwis. Shi ra'ayinsa, yaro ya gwada da kansa maimakon ya zauna yana kallon malam. Sai ya shiga tsara ƙananan kayan gwaji masu sauƙin kuɗi, cikin akwati guda tare da littafin bayani. Kamfanin Kosmos na birnin Stuttgart a Jamus ya soma sayar da su a farkon shekarun 1920. Na lantarki ne ya fara fitowa, na haske ya biyo baya. A shekarun 1930 aka fito da na yara ƙanana mai suna Optikus, kuma a 1937 akwatunan Kosmos suka samu lambar zinariya a babban baje kolin duniya na Paris.

Mi ke cikin Optikus? Ƴan gilasai, madubai da abin riƙe su. Da su yaro zai haɗa madubin hangen nesa, ya kwance, ya sake haɗa wanda ke girmama ƙananan abubuwa. In hoto ya yi dishi-dishi, shi zai matsa gilashi gaba ko baya har ya fito tangaran. Nan ne karatun yake shiga kai.

Dabarar ta daɗe. A 2009, shekaru 400 bayan Galileo ya fara duban sama da madubinsa, masana taurari sun fito da Galileoscope, wanda yaro ke haɗawa da kansa. Faɗin gilashinsa milimita 50, yana girmama abu sau 25, kuɗinsa na farko dalar Amurka 15.

Mu ma ba sai mun jira akwati daga Turai ba. Ƙwayar tabaran karatu mai lamba +1, irin wanda ake saidawa kasuwa, tana tattara haske a nisan santimita 100. A sa ta bakin bututun kwali ko na roba, a sa ƙaramin gilashi mai tattarawa a santimita 5 wajen ido. Ɗari a raba da biyar, sau 20 ke nan. Hoton zai fito kai ƙasa, amma ramukan da ke fuskar wata za su bayyana. Gargaɗi babba: kada a kuskura a dubi rana da shi, yana makantar da mutum nan take.

Yaran da ke ƙera mota da gwangwani a lungunan Maradi da Damagaram, bututu da gilashi biyu ba za su gagare su ba. Malamai da iyaye, a sa musu kayan a hannu.