Gasar Da Ba A Shiga Sai An Cika Shekara Hamsin

A gidajen kallon ƙwallo da ke tsakanin Ƙofar Doka da Tudun Wada, ɗan wasa na cika shekara 33 sai mu fara kiran sa tsoho. Idan ya ɓarar da ƙwallo sau biyu, wani daga bencin baya zai ɗaga murya ya ce ya kamata ya je ya huta. Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta ma haka muke yi wa junanmu: wanda ya doshi arba'in sai a riƙa yi masa kallon wanda zamani ya wuce. Wannan ne ya sa tarihin wata gasar golf, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, ya tsaya mana a rai. A wannan gasa, wanda bai cika hamsin ba yaro ne, ba a ma karɓar sunansa.

Abin ya faro ne a 1978 a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, inda aka tara tsofaffin gwanaye a wata gasa mai suna Legends of Golf. A shekarar da ta biyo baya aka yi kunnen doki, sai da aka ƙara ramuka shida kafin Julius Boros da Roberto De Vicenzo su doke Tommy Bolt da Art Wall. Jama'a sun kalla a talabijin, masu shirya wasa kuma suka gane cewa furfura ba ta kore 'yan kallo. A 1980 aka kafa rukunin gasanni na dattawa zalla, Senior PGA Tour, wanda a yau ake kira PGA Tour Champions.

Shekara goma bayan haka, a 1990, daidai lokacin da Jack Nicklaus da Lee Trevino suka shigo rukunin, aka ƙirƙiro gasar rufe kaka. An fara ta a Dorado da ke tsibirin Puerto Rico da sunan New York Life Champions, Mike Hill ne ya cinye ta farko da ta biyu. Daga nan ta yi ta ƙaura kamar Bafulatani da shanunsa: Myrtle Beach a 1994, Oklahoma City a 2001, Sonoma ta California a 2003, har ta sauka a Phoenix ta jihar Arizona a 2017. Sunanta ma yakan sauya duk lokacin da mai ɗaukar nauyi ya sauya. Tun 2003 take amsa sunan Charles Schwab Cup Championship, sunan wani kamfanin hada-hadar kuɗi. Tom Watson ya ɗauke ta sau uku, haka ma Jim Thorpe, baƙar fatar Amurka, a 2003 da 2006 da 2007.

A ranar ƙarshe kofi biyu ake miƙawa. Ɗaya na wanda ya ci gasar, ɗaya na wanda ya fi tara maki a kakar gaba ɗaya, tare da kyautar dala miliyan 1. A 2016 aka shigo da tsarin tankaɗe, ta yadda mutum 36 kaɗai ke isa gasar ƙarshe, kuma ana sake jera maki kafin a fara ta. Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan gyara da ke haifar da sabuwar matsala. A 2017 Bernhard Langer na Jamus ya ci gasanni bakwai, amma Kevin Sutherland, wanda bai taɓa cin ko ɗaya a rukunin ba, ya yi nasara a Phoenix ya kwashe kofunan biyu. Da aka ga haka, sai aka soke sake jera makin a 2018. Langer ya ɗauki kofin kaka har sau shida, amma gasar ƙarshen kanta ba ta shiga hannunsa ba sai 2024, yana da shekara 67.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu? Akwai zaren da ya ɗaure wannan tarihi da ƙasarmu. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da sanyi ke rufe filayen Turai, ƙwararru sukan gangaro Afirka su buga jerin gasanni, ciki har da Nigerian Open a Ikoyi, Legas. Sandy Lyle ya ci ta a 1978. A 1988 wani dogon saurayi daga tsibirin Fiji, Vijay Singh, wanda ya yi zaman koyar da wasa a wani ƙaramin kulob a Borneo, ya zo ya cinye ta, ya sake a 1989. Daga nan ƙofa ta buɗe masa. Ya ci Masters a 2000, ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya a 2004. A 2018, yana da shekara 55, ya ci gasar dattawan a Phoenix da bugu 61 a ranar ƙarshe.

An haifi Singh a 1963. A shekarar ce aka haifi Rashidi Yekini a Kaduna, nan kusa da mu, mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994. Yekini ya rasu a 2012 yana da shekara 48, Allah ya jiƙansa. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su nesa da idon jama'ar da ta yi ta tafa masa. Bai ma kai shekarun da sa'ansa ya buɗe sabon babin wasa ba.

Gaskiya ne ƙwallon ƙafa na cin gwiwa, dambe na cin jiki, golf kuwa da tafiya da natsuwa ake yin sa. Ba wanda zai ce a mayar da ɗan shekara sittin fagen dambe. Amma abin da tarihin nan ya nuna shi ne, gasar dattawa ba tausayi ne ya gina ta ba. Wasu ne suka zauna suka yanke shekarun shiga, suka nemo mai zuba kuɗi, suka tsara lissafin maki, da ya karkace kuma suka gyara. Mu da muke taƙama da girmama na gaba, girmamawar tamu takan tsaya a gaisuwa da durƙuso.

A Zariya muna da filin polo da na golf, muna da tsofaffin 'yan ƙwallon unguwanni, muna da dattawan da ke buga dara a gindin bishiya tun kafin a haife mu, ba wanda ya taɓa rubuta sakamakonsu. Rubuta manhajar da za ta riƙe sunaye da maki aikin 'yan makonni ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne mu je majalisarsu bayan La'asar, mu gaishe su, mu ce: Baba, wa ya fi kowa iya dara a cikin ganuwar nan, kuma wa ya taɓa doke shi?