Aikin Gyartai: Ina Dariyar Talaka Ta Shiga?

'Yan'uwa marubuta, a 1789 wani mai zane a Faransa ya zana tsohon manomi goye da basarake da limamin coci, don nuna wanda nauyin haraji ke kansa. Irin waɗannan zane-zane har yau ana yayyanka su gunduwa-gunduwa, a zauna ana harhaɗawa don nishaɗi.

Mu namu zanen a baki yake. Lokacin da dagaci ke bin gida-gida karɓar haraji, ana ƙirga shanun Fulani saboda jangali, talakan Kutawa ba shi da jarida. Habaici gare shi, da zambo, da shaguɓen 'yan kama a kasuwa.

A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Dutsin-Ma da Kurfi ke cikinta kafin 1987. Duk wanda ya biya harajin nan yanzu ya haura sittin.

Ƙwaryar ta fashe, sakainarta na hannun tsofaffi. Mu je mu zauna da su, mu rubuta, mu ɗinke kamar gyartai, tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba.