Jerin Dakarun Ƙasa a Wasan Warhammer Fantasy

Jerin dakarun ƙasa a wasan Warhammer Fantasy Battle shi ne yadda ɗan wasa yake shirya sojojinsa masu tafiya a ƙasa sahu-sahu a kan tebur, da dabarun da yake bi wajen motsa su da gwabza su da abokan gaba. Warhammer wasan yaƙi ne da ake yi da ƙananan mutum-mutumi na roba ko na ƙarfe, waɗanda 'yan wasa suke haɗawa su yi musu fenti da kansu. Kamfanin Games Workshop na ƙasar Ingila ne ya fitar da shi a shekarar 1983, kuma Bryan Ansell da Richard Halliwell da Rick Priestley ne suka rubuta dokokinsa na farko. Ana buga shi a kan tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, ana auna tazara da inci, ana kuma yanke hukunci da dayis, wato ƙwayar nan mai fuska shida irin ta wasan ludo. Rundunonin na duniyar almara ne: akwai mutanen Daula, da wadanni, da Elf, da Orc, da Skaven, wato ɓeraye masu tafiya da ƙafa biyu. Yawancin bayanin da ke ƙasa ya shafi bugu na 8 ne, wanda ya fito a 2010.

Yadda ake jera bataliya

Kowane mutum-mutumi yana tsaye ne a kan ɗan dandamali mai kusurwa huɗu. Na mutane da wadanni da Elf da Skaven faɗinsa milimita 20 ne, na Orc kuwa 25. Ana haɗa su kafaɗa da kafaɗa, duk suna fuskantar waje ɗaya, galibi a kan wani faranti domin a riƙa tura su gaba ɗaya. A sahun gaba ake sa mai tuta da makaɗi da jarumin bataliya. Idan an kashe soja, daga sahun baya ake cire mutum-mutuminsa, domin ana ɗauka cewa na baya ya matso ya cike gurbi.

Bataliya tana da gaba da baya da kwiɓi biyu. Abin da ke gabanta kaɗai take gani, cikin kusurwa mai digiri 90, kuma ba ta kai farmaki ga abin da ba ta gani. Mutum yana tafiyar inci 4 a zagaye ɗaya, wada inci 3, Elf inci 5, ana kuma ninka wannan idan bataliya tana sassarfa. Juyawa ita ce mai tsada. Ana kafe kusurwa ɗaya ta sahun gaba, ɗaya gefen ya kewayo kamar ƙyauren ƙofa, kuma tazarar da sojan can ƙarshe ya yi ita ake cirewa daga tafiyar bataliyar.

Lissafin sakamakon gwabzawa

Dalilin jera dakaru da zurfi yana cikin yadda ake gane wanda ya ci zagayen faɗa. Yawan waɗanda aka kashe ɓangare ɗaya ne kawai na lissafin. Kowane sahu da ke bayan na farko yana ba da maki 1, har zuwa maki 3, muddin sahun ya kai mutum biyar. A bugu na 6, na shekarar 2000, mutum huɗu sun isa. Bugu na 7 ne ya mayar da shi biyar a 2006. Tuta tana da maki 1, kai farmaki maki 1, bugun kwiɓi maki 1, bugun baya maki 2. Idan aka yi kunnen doki, ɓangaren da ke da makaɗi ne ya ci.

Wanda ya sha kaye zai jefa dayis biyu. Dole jimillar kada ta wuce lambar jagorancin bataliyar bayan an cire yawan makin da aka fi ta da shi. In ta wuce, bataliyar ta watse da gudu, kuma idan masu kora suka cim mata, an hallaka ta baki ɗaya, ko da saura mutum talatin a cikinta.

Ga misali. 'Yan mashin Daula 25, a sahu biyar na mutum biyar-biyar da tutarsu, wasu zaratan mayaƙa 10 sun afka musu. Zaratan sun kashe 5, 'yan mashi sun kashe 2. Zaratan suna da maki 7: biyar na kisa, ɗaya na tuta, ɗaya na farmaki, ba su da na sahu domin sahunsu na biyu ya koma mutum uku. 'Yan mashi suna da 6: biyu na kisa, uku na sahu, ɗaya na tuta. An kashe musu fiye da ninkin abin da suka kashe, amma da maki ɗaya tal aka fi su.

Bugu na 8 ya ƙara wata doka da ta sauya wasan ƙwarai: bataliyar da ta fi abokan gabarta yawan sahu ba a cire mata komai daga lambar jagorancinta, komai munin kayen. 'Yan mashin nan lambarsu 7 ce, kuma dayis biyu suna ba da 7 ko ƙasa da haka a hanyoyi 21 cikin 36. Da an cire maki ɗaya, sai 15 cikin 36. Idan janar mai lamba 9 yana cikin inci 12, suna aron lambarsa, damar ta koma 30 cikin 36. Mai ɗauke da babbar tutar runduna kuma, in yana cikin inci 12, yana ba su damar sake jefawa. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa suke tara manyan bataliyoyinsu kusa da waɗannan mutum biyu.

Faɗi ko zurfi

Babbar tambaya kafin a fara wasa ita ce mutum nawa za a sa a sahun gaba. A bugu na 8 sahu na biyu ma yana kai sara, kowane soja sau ɗaya. Idan faɗin bataliya ya kai mutum goma, sahu na uku ya shiga faɗa. Mashi yana ƙara wani sahun, sai dai ban da zagayen da masu shi suka kai farmaki.

A ɗauki dakaru 40. In an jera su goma-goma, sahu huɗu ke nan, kuma idan suka haɗu da bataliya mai faɗin mutum biyar irin girmansu, bakwai ne za su taɓa ta, har da na kusurwa biyu. Bakwai sau uku, mutum 21 ke sara. In an jera su biyar-biyar, mutum 10 kacal ke sara, amma sahu takwas ne, da wuya a fi su zurfi. Jerin farko na masu kisa ne, irin masu manyan gatura da takubba. Na biyu na masu arha ne waɗanda aikinsu su riƙe abokin gaba, kamar bayin Skaven, waɗanda farashin kowannensu maki 2 ne wajen haɗa runduna. 'Yan wasa suna kiran wannan dogon jeri da sunan motar bas.

Faɗi yana da nasa wahala. Sahun mutum goma ya kusan inci 8, kuma juya shi digiri 90 yana cin fiye da inci 12, alhali sassarfar mutum inci 8 ce. Mai faɗin biyar yana yin wannan juyi da inci 6 da 'yan kai. Babbar bataliya da aka ajiye tana kallon inda ba daidai ba kan ɓata rabin wasan tana neman hanya tsakanin daji da gini. Zurfi kuma abincin igwa ne, domin harsashinta yana bugun mutum ɗaya a kowane sahun da ya ratsa. Akwai kuma tsafe-tsafe, irin su Dwellers Below, da ke gwada kowane soja a bataliya ɗaya bayan ɗaya, don haka asararsu tana ƙaruwa da girman bataliyar.

Bugun kwiɓi

Sananniyar dabara ita ce ta maƙera da guduma. Bataliya mai zurfi ta tsaya ta karɓi farmaki, wata mai ƙarfin sara ta zagayo ta gefe. Idan mai bugun kwiɓi tana da sahu biyu cikakku, abokan gaba sun rasa makin sahunsu duka. Uku sun tafi, ɗaya ya ƙaru, bambancin maki huɗu ke nan kafin a zare takobi. Rundunar Daula an gina ta a kan haka: babbar bataliya tana tafe da ƙananan rassa a gefenta, waɗanda ke iya harbi ko mayar da farmaki a kan wanda ya afka wa uwar.

Maganin wannan shi ne jera bataliyoyi kusa da juna, kowace ta tsare kwiɓin 'yar'uwarta, a jingina ƙarshen layin da bakin tebur ko wani gini. Sai dai kusanci yana yaɗa firgici, domin bataliyar da ta ga an hallaka ta kusa da ita cikin inci 6 dole ta yi gwajin jagoranci. Ana kuma amfani da ƙananan ƙungiyoyi marasa tsada a tsayar da su a karkace gaban babbar bataliyar abokin gaba. In ta afka musu, dole ta daidaita fuskarta da tasu, sai ta buɗe kwiɓinta. Wannan aikin ba shi da armashi a ido, amma sau da yawa shi ke raba gardama.

Bayan bugu na 8

Kafin 2010, wanda ya kai farmaki shi ke fara sara, kuma sojojin sahun gaba da aka kashe ba sa ramawa, abin da ya ba mahaya dawakai rinjaye. Bugu na 8 ya karkato da ma'auni wajen manyan bataliyoyin ƙasa, amma ya sa shiga wasan ya yi tsada, tunda bataliya ɗaya kan buƙaci mutum-mutumi 40 ko 50 da za a saya a yi wa fenti. A 2015 Games Workshop ya dakatar da wasan ya kawo Age of Sigmar, inda dandamali ya koma zagayayye, aka kuma bar jerin sahu. Masu son sahu da kwiɓi suka koma The 9th Age, wanda 'yan wasa suka rubuta da kansu, ko Kings of War na kamfanin Mantic Games, inda bugun kwiɓi ke ninka sara sau biyu, bugun baya sau uku.

A watan Janairun 2024 kamfanin ya dawo da salon da sunan Warhammer: The Old World. An ƙara dandamalin mutane zuwa milimita 25. Bataliyar da zurfinta ya fi faɗinta ana ɗaukarta a matsayin jerin tafiya, tana da sauri amma ba ta samun makin sahu. Wanda ya sha kaye kuma ba lallai ya watse ba: yana iya ja da baya kaɗan, ko ya janye cikin tsari ya sake tsayawa.