Tsohuwar Hilux ɗin Babanmu da Duwatsun Dutse

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, tarihin mota za mu yi, kuma daga ƙofar gidanmu zan ɗauko shi.

Akwai wata tsohuwar Hilux fara da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana. Ƙirar 1990 ce, mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu. A gwanjon motocin ma'aikata ya saye ta tun ban shiga firamare ba, ya yi ta ɗaukar gero da riɗi zuwa kasuwar Shuwarin da ita. Shekara uku ke nan tana ajiye a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka zo rabon gado kowa ya kauce mata, ni na ce a ba ni.

In faɗa muku gaskiya, ba don alheri na karɓe ta ba da farko. Bidiyoyin Amurkawa nake kallo a YouTube, masu hawa kan duwatsu da mota a hankali kamar hawainiya. Sai na dubi duwatsun da suka kewaye Garu na ce, mu da garinmu ma sunansa Dutse, me zai hana? Na sayi littafi na fara lissafi: manyan tayoyi, ɗaga mota sama, ƙarfen kariya a gaba. Amma kun san halin ɗan tarihi, kafin ya kashe kuɗi sai ya tambayi asalin abu.

Mu fara da duwatsun kansu. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Ke nan tun ƙarni na 15 garin nan yana da sarautar da Kano ke neman surukuta da ita. A ƙarni na 18 kuma Sarkin Kano Kumbari ya kawo wa Dutse yaƙi, bai samu shiga garin ba. Kakanninmu ba don kwalliya suka zauna a tsakanin duwatsu ba. Dutse garkuwa ne, doki ba ya sukuwa a kansa. Wato abin da aka zaɓa don ya hana abin hawa wucewa, shi ni kuma nake son in hau da mota.

Ita kuwa mota mai ja da ƙafa huɗu, yaƙi ne ya yaɗa ta a duniya. Sojojin Amurka suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu da Jeep, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941. Bayan yaƙi Ingila ta fito da Land Rover a 1948, asali don manoma. Ita ce ta zama motar rangadin jami'an mulkin mallaka da na En'e da malaman dabbobi a ƙasar Hausa. Ku tambayi dattawa, za su gaya muku cewa a ƙauyuka da yawa ita ce motar farko da aka fara gani. Japan ta biyo baya da motar da aka raɗa wa Land Cruiser a 1954, sannan Hilux a 1968, amma sai a 1979 aka fara yin Hilux mai ja da ƙafa huɗu.

Sai dai motar talaka a nan ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Akori-kura ce, Fijo 404 da 504, bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Da ƙafar baya kawai take ja, amma direbobinmu sun shiga da ita inda ko masu ƙera ta ba su zata ba. In ta kafe a yashi fasinja su sauko su tura, a shimfiɗa kara a ƙarƙashin taya, a ci gaba da tafiya.

Abin da ya ɗaga sunan Toyota a yankinmu ya faru ne a maƙwabciyarmu Chadi. A ranar 2 ga Janairun 1987 sojojin Hissène Habré, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous, suka auka wa sansanin Libiya a Fada cikin motocin Hilux da Land Cruiser, ɗauke da makaman fasa tankoki da Faransa ta ba su. A watan Maris suka ƙwace Wadi Doum. Har yau Yaƙin Toyota ake kiransa. Ku lura da abin da ya ba su nasara: ba girma ba ne, rashin nauyi ne da sauri a kan rairayi, da injin da ƙaramin makanike zai iya gyarawa a daji.

Shi kuwa hawan duwatsu na nishaɗi, a Amurka ya girma. Tun 1953 ake taron masu Jeep a hanyar Rubicon da ke Kalifoniya, a garin Moab na jihar Utah kuma tun 1967. Mutane ne da gwamnatinsu ta riga ta kai musu kwalta har ƙofar gida, sai suka fita neman hanya marar kyau don more hutu. Mu kuwa hanya marar kyau ita ke zuwa ta same mu. An ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, an yi tituna da dama tun daga lokacin, wannan ba a musu. Amma ka sauka daga kwalta da damina a ƙasar Kiyawa ko Jahun ko Miga, ka ga yadda laka ke riƙe mota. Sunan jihar ma daga jigawa ya samo asali, wato tudun yashi. Yashi da taɓo su ne jarrabawarmu ta kullum, ba dutse ba.

Na ɗauki littafin lissafina na kai wa wani dattijon makanike, abokin mahaifinmu. Ya duba ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka tsawo shi ne ƙarfi?"

Na ce, "Baba, ai sai da manyan tayoyi ake hawa dutse."

Sai ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban samu a jami'a ba. In ka cire taya mai inci 29 ka sa mai inci 33, inci biyu kacal cikin motar zai ƙara nisa da ƙasa, don rabin ƙarin ne ke ƙarƙashin aksul. Amma ƙarfin jan motar zai ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, birki ya ƙara wahala, kulochi ya riƙa ƙonewa, shan mai ya ƙaru. In ka ɗaga ta sama sosai kuma, nauyinta ya koma sama, kwana ɗaya mai kaifi da buhuna a baya sai ta kife. Ya nuna mini ƙaramar giyar nan ta biyu da ke gefen babba, ya ce sirrin motar yana nan: in ka sa ta a ƙasa, gudu ya ragu fiye da rabi, ƙarfi ya ninka fiye da biyu. Ya nuna mini aksul ɗin gaba, sanda guda a kan sifirin, irin wanda masu hawan dutse a waje ke nema ido rufe.

Ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa mota mai ƙafa huɗu ke kafewa. In taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cik. Maganinsa na'urar da ke kulle tayoyin biyu su juya tare. Wasu sukan sa mai walda ya liƙe haƙoran gaba ɗaya don sauƙin kuɗi, ya ce kada in kuskura, don a kan kwalta tayoyi za ta ci, ta kuma iya karya aksul.

Da na koma gida ina ba Inna labari, sai ta ce, "Kai dai ka manta abin da babanka ya yi da motar nan." Ta tuna mini daminar da aka buga mana ƙofa da tsakar dare, matar wani ɗan'uwanmu na ƙauye tana naƙuda ta gagara. Mahaifinmu ya fita cikin ruwan sama, ya ɗauko ta, da asuba suna asibitin Jahun. Yarinyar da aka haifa ran nan yanzu tana sakandare. Sannan ta tuna mini ɗaya labarin, na bara, bayan motar ta daina tashi: wata ƙanwarmu da aka ɗauko a amalanken shanu, aka iso kwalta, amma ba a iso da jaririn da rai ba. Ban ce komai ba. Na shiga ɗaki na yage shafin farko na littafin nan.

Ga sabon lissafin. Farko birki da sitiyari da lagireto, don motar da ba ta tsayawa ba ta da amfanin tashi. Sai sabon sifirin da shokozoba, ɗagawar kada ta wuce inci biyu. Taya mai inci 31, mai haƙora don laka, tare da famfon iska, saboda a yashi rage iska ake yi taya ta baje, in an hau kwalta a mayar. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin mai. Shebur, igiyar ja, katako biyu, fitila mai kyau. A baya kuma rumfa da katifa da benci. Na'urar kulle tayoyin baya sai in kuɗi sun samu, zan neme ta a Ƙofar Ruwa a Kano cikin kayan Beljiyam. Ni da abokaina shida muna adashi a kai, kuma mun yi magana da masu unguwanni uku za a ajiye lambar direba a wurinsu kafin damina ta kankama.

Kada wani ya ce na yafe wa gwamnati. Yin hanya da samar da motar asibiti haƙƙi ne a kanta, kuma za mu ci gaba da bibiyar kasafin kuɗi muna tambaya. Amma mai naƙuda ba ta jiran a kammala kwangila.

Duwatsun Garu kuwa zan ci gaba da hawansu da ƙafa, kamar yadda kakannina suka yi. In kana da tsohuwar mota a ƙofar gida tana ruɓewa, je ka tambayi mahaifiyarka abin da ta taɓa yi wa mutane, kafin ka sayar wa 'yan gwangwan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sauki masu ciki lafiya.