Waɗanda Suka Ƙetare Teku Ba Alƙalami

Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a jiragen ruwa masu tafiya da iska sun bar littattafan tafiyarsu, kwana bayan kwana. Namu fa? A birnin Zazzau mun san ganuwa da ƙofofinta, amma ba mu san sunayen yawancin Hausawan da yaƙe-yaƙen bayan 1804 suka jefa hannun fatake ba. An gangara da su Ikko, aka loda su zuwa Bahiya ta Birazil cikin mari, ba tawada, ba takarda. A Janairun 1835, bayan tawayen bayi Musulmi, Yarbawa da Hausawa, hukuma ta ƙwace layunsu da addu'o'insu na Larabci. Takardun suna ajiye a Bahiya har yau, suna jiran mu je mu karanta.