Takaba da Ƙawance a Littafin Une si longue lettre na Mariama Bâ

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda Mariama Bâ ta gina littafinta Une si longue lettre a kan zaman takaba. Ta hanyar bin diddigin matanin, maƙalar ta nuna cewa baƙin cikin tauraruwar labarin, Ramatoulaye, ya girmi rasuwar mijinta da shekara 5, kuma ƙawancenta da Aissatou ne ya ba ta bakin faɗar abin da ke ranta da ƙarfin ci gaba da rayuwa. An kuma duba matsayin kishiyarta Binetou, wadda ta yi takaba ba tare da irin wannan majingina ba.

Gabatarwa

An haifi Mariama Bâ a Dakar ta ƙasar Senegal a 1929, ta rasu a 1981. Ta yi makarantar horon malamai mata ta Rufisque, ta kuma koyar shekaru da dama kafin ta soma rubutu. Littafin ya fito da Faransanci a 1979 daga maɗaba'ar Nouvelles Éditions Africaines, shi ne kuma ya fara cin kyautar Noma a 1980. Modupé Bodé-Thomas ta fassara shi zuwa Ingilishi a 1981. Galibin masu nazari sun fi karkata ga batun kishiya da 'yancin mata. Wannan karatu yana da hujja, sai dai yakan tsallake abin da ke buɗe labarin: mace ce ke rubuta wa aminiyarta Aissatou wasiƙa a ɗaki, mijinta Modou Fall bai daɗe da rasuwa da bugun zuciya ba, kuma wata huɗu da kwana goma na jiran ta.

Takaba a matsayin ginshiƙin labari

Lokacin labarin lokacin makoki ne. Marubuciyar ta bi sadakar uku, da ta takwas, da ta arba'in, kowace da abin da ta tono. A farkon kwanakin Ramatoulaye ba ta da iko ko da kanta. Dangin miji ne ke kwance mata kitso, suna yi mata daidai da Binetou, wato shekara 30 na aure da 'ya'ya 12 sun zama ɗaya da shekara 5 na amarci. Masu ta'aziyya na cika gidan, ana ci ana sha, ana ƙirga kuɗin gudummawa da babbar murya, a ƙarshe dangin mamaci su kwashe mafi yawa. Idon Bâ a nan yana da kaifi ƙwarai. Mai karatu Bahaushe da ya taɓa zaman makoki a babban gida zai gane wannan hayaniya wadda mai rashin ke ɓacewa a cikinta.

Amma kullen da ya ɗaure ta shi ne ya ba ta abin da ba ta taɓa samu ba, wato lokaci. Malamar makaranta mai 'ya'ya 12 ba ta da sa'ar zama ta rubuta doguwar wasiƙa, sai da takaba ta zaunar da ita.

Muhimmin wuri shi ne zaman rabon gado, inda aka buɗe takardun Modou a gaban dangi. A nan aka ga gidan SICAP da ya saya wa amarya da rancen banki, bayan ya jinginar da gidan da shi da uwargidansa suka haɗa gumi suka mallaka. Aka ga bashin da ya ci ya kai iyayen Binetou aikin Hajji, da albashin da ya yanka wa yarinyar don ta bar makaranta. Mai nazari Mbye Cham ya lura cewa Ramatoulaye ta ɗauki wannan al'ada ta bayyana sirrin mamaci ta faɗaɗa ta, har ta zama tsarin littafin gaba ɗaya. Abin da za a ƙara a kan wannan shi ne, lissafin ya haɗa da ita kanta. Tana tambayar dalilin da ya sa ta zauna bayan limami da Tamsir, yayan Modou, da Mawdo, tsohon mijin Aissatou, sun zo sun shaida mata an ɗaura wa mijinta aure da Binetou, ƙawar 'yarta Daba, alhali Modou bai sake taka gidanta ba. Tun daga ranar ta zama kamar bazawara da igiyar aure a wuya. Rasuwar ta 'yanta mata kukan da a da ba ta da hurumin yi a bainar jama'a.

Aminiyar da ba ta nan

Aissatou 'yar maƙerin zinariya ce. Mijinta likita Mawdo Bâ ya bi umarnin mahaifiyarsa ya auri ƙaramar Nabou, ita kuwa ta kwashi 'ya'yanta maza 4 ta fita, ta yi karatun tafinta, ta sami aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Zaɓinsu ya saɓa, amma babu inda ɗaya ta ga baiken ɗaya. Da Aissatou ta ji aminiyarta na fama da motocin haya, sai ta saya mata Fiat 125, Ramatoulaye ta koyi tuƙi. Kyautar ta mayar mata da ƙafafunta tun kafin mutuwar Modou.

Tasirin wannan ƙawance ya fito a yadda ta sallami zawarawanta. Ranar arba'in Tamsir, yayan mamacin, ya ce zai gaje ta. Ta wanke shi tas a gaban limami, ta tuna masa matansa da ya kasa riƙewa. Na Daouda Dieng ya fi wuya, domin mutum ne mai mutunci, likita kuma ɗan majalisa, wanda ya so ta tun ƙuruciya. Ta ƙi shi a rubuce, ta ba maroƙiya Farmata ta kai, dalilinta kuwa ba ta son sa so na aure, kuma ba za ta jefa matarsa cikin abin da aka jefa ta ba. Ta miƙa masa abota, ya ƙi karɓa. Mace da ba ta da wadda za ta faɗa wa cikinta da wuya ta iya wannan ƙin, ga 'ya'ya ga bashi.

Akwai rauni a nan da ya kamata a faɗa. Muryar Aissatou ba ta fito kai tsaye ba sai a wasiƙar rabuwarta da Mawdo, don haka mai karatu yana ganin ƙawancen ne ta ido ɗaya. Littafin ma ya ƙare ana gobe za ta iso Dakar. A adabin Hausa, Balaraba Ramat Yakubu ta bi wata hanya dabam a Alhaki Kuykuyo Ne (1990), inda Rabi da mijinta ya kora ta tsaya da ƙafarta ta hanyar sana'a da taimakon 'yan uwa da 'ya'ya.

Binetou

Ita ma Binetou takaba take yi, amma ba mu ji tana da wadda za ta rubuta wa ba. Aminiyarta Daba ce, kuma auren da mahaifiyarta ta tura ta ciki don kwaɗayin abin duniya shi ya raba su. Bayan rabon gado Daba da mijinta Abou suka mallaki gidan SICAP, uwar Binetou ta yi ta roƙo a bar su su zauna, Daba ta ƙi. Ramatoulaye ta tausaya wa yarinyar, ta kira ta wadda aka sadaukar, amma Bâ ba ta ba ta ko babi ɗaya da za ta yi magana da bakinta ba, ta bar ta babu makaranta, babu miji, babu gida.